Kashi na biyu na fim ɗin Lisbeth Salander ya fi na farko, ko ni kaɗai nake ganin haka?

Dan_Fagge:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Daren jiya na gama kallon kashi na biyu na finafinan Millennium na ƙasar Suwidin da aka ɗauko daga littattafan Stieg Larsson, The Girl Who Played with Fire, wato yarinyar da ta yi wasa da wuta, na shekarar 2009, wanda Noomi Rapace ta fito a matsayin Lisbeth Salander. Duk wanda na tambaya sai ya ce mini na farko ya fi, na biyun ci-baya ne. Ni kuwa wallahi na biyun ne ya hana ni barci.

Ga dalilina. A na farko, mugun mutum ɗaya ne a cikin gidan attajirai, an gano shi, ya mutu, magana ta ƙare. A na biyu kuwa mugun yana da ofis, yana da hatimi, yana karɓar albashin gwamnati. Yarinya 'yar shekara 12 tana ganin ubanta yana jibgar uwarta har ya nakasa ta, ba hukumar da ta tanka. Ranar da ta watsa masa fetur a cikin mota ta kyasta ashana, ita aka kwashe aka kai asibitin masu taɓin hankali na yara, saboda uban tsohon ɗan leƙen asirin Tarayyar Sobiyat ne da ya gudo Suwidin, hukumar tsaro na ɓoye shi. Likita ya sa hannu, jami'in tsaro ya ɓoye rahoto. Wannan bai fi tsoratarwa ba? Waɗanda suka kalla, me kuka gani?

Bakatsine77:
Wa alaikumus salam. Ɗan Fagge, labarin na biyu ya fi nauyi, na yarda, amma fim ba labari kaɗai ba ne. Na farko Niels Arden Oplev ne ya ba da umarni, ɗan Denmak, kuma an shirya shi ne don sinima. Na biyu da na uku Daniel Alfredson ne, tun asali don talabijin aka yi su, sai da na farko ya yi kasuwa aka kai su sinima. Kuma ana gani. Hoton na farko da sanyin tsibirin nan da dusar ƙanƙara, kana kallo kana jin sanyi a ƙashinka. Na biyu kuwa ofis, mota, ofis, mota. Sannan Lisbeth da ɗan jaridar nan Mikael Blomkvist ba su haɗu ido da ido ba sai a mintunan ƙarshe. Fim na sama da awa biyu, jarumai biyu suna magana ta kwamfuta kawai.

UmmuKhairat:
Don Allah masu ba da labari ku riƙa yi mana gargaɗi kafin ku tona ƙarshe. Ni na farko kawai na gani.

Dan_Fagge:
Ki yi haƙuri Anti, laifina ne. Amma gaskiya muhawarar ba za ta yiwu ba sai an taɓo ƙarshen. In kina son kallo da ɗanyen ido, ki tsallake mu ki dawo.

Yar_Maradi:
Ni rashin haɗuwarsu ɗin da Bakatsine yake kuka da shi, shi ne abin da ya fi burge ni. Mace ce da duk namijin da aka ɗora a kanta ya cuce ta, in ka cire tsohon lauyan nan Holger Palmgren da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar. Uba ya cuce ta, likita ya cuce ta, Bjurman da aka naɗa ya kula da dukiyarta ya yi mata fyaɗe. To yaya kake son ta ruga wurin Blomkvist ta ce ka cece ni? Da ta yi haka da na ce marubucin bai san mata ba. Wadda aka yi wa irin wannan ba ta yarda da kowa da sauri, ko da mutumin kirki ne. Taimakon ma daga nesa take karɓarsa, a kan sharaɗinta.

Bakatsine77:
'Yar'uwa, a littafi wannan ya zauna daram, tunda kina cikin kanta kina jin abin da take saƙawa. A fim sai ya zama kamar finafinai biyu aka ɗinke.

Sadauki_Agadas:
Ku tsaya, duk kun bar abin da ya kawo kisan tun farko. Matashin ɗan jarida Dag Svensson da budurwarsa Mia, mai binciken digiri, suna aiki ne a kan safarar 'yan mata daga gabashin Turai zuwa Suwidin don karuwanci. Kafin a harbe su sun tattara sunayen masu saye: 'yan sanda, ma'aikatan shari'a, har da ɗan jarida, har da jami'in hukumar tsaro Gunnar Björck. Ni nan ne fim ɗin ya ba ni haushi. Ya buɗe wannan ƙofa, sai ya sake ta ya koma kan rikicin Lisbeth da ubanta. 'Yan matan da aka yi safararsu kusan ba mu ji muryarsu ba.

Ina faɗin haka ne don a garinmu muka ga abin da idonmu. Shekara da shekaru motoci na tashi daga Agadas zuwa Libiya ɗauke da 'yan mata, da yawansu daga kudancin Najeriya, an ce musu aikin kitso ko aikin gida za su je yi a Italiya. A 2015 gwamnati ta yi dokar hana fataucin baƙin haure, hanyar ta koma ta ɓoye cikin sahara, a ƙarshen 2023 kuma aka soke dokar. Na taɓa zama a tasha kusa da wata yarinya da ba ta fi shekara goma sha bakwai ba, ba ta ma san sunan ƙasar da take ciki ba. Wata mata ce ke riƙe da wayarta da takardunta. Har yau ina tuna fuskarta. Irin ta nake so fim ɗin ya nuna mini, bai nuna ba.

NaGoteborg:
Sadauki, maganarka ta yi daidai, kuma hanyar da ka ambata har nan arewacin Turai take ƙarewa. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina Suwidin. A tsakiyar shekarun 2000 matan Najeriya da aka biyo da su ta Italiya da Sifen sun cika babban titin Oslo, Karl Johan, kuma wannan na cikin abin da ya tura Norwe ta haramta sayen mace a 2009. Suwidin ce ta fara, tun 1999: a dokarsu mai saye ne mai laifi, ba wadda ke sayar da kanta ba. Shi ya sa a fim ɗin jerin sunayen nan yake da haɗari haka. Alƙali ko ɗan sanda da sunansa ya fito, aikinsa da mutuncinsa sun tafi, kuma ga kotu.

Wani abu kuma da zai ba ku mamaki. Ɗan damben da ya bi motar da aka sace ƙawar Lisbeth, Miriam Wu, ya shiga rumbun ajiya ya yi faɗa da ƙaton da ya sace ta, sunansa Paolo Roberto, kuma ɗan dambe ne na gaske, da sunansa na gaskiya ya fito a fim ɗin. A watan Mayun 2020 'yan sanda suka kama shi a Stockholm da laifin sayen mace, ya fito talabijin ya amsa da bakinsa, tashar da yake wa aiki ta sallame shi. Ranar duk wurin aikinmu maganar ke nan. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don a fim ɗin shi ne mai ceton mace daga hannun masu safara.

Yar_Maradi:
Innalillahi. Wannan ban sani ba.

Alhaji_Kurmi:
Ni tambayata ɗaya. Kullum ana ce mana ƙasashen nan, Denmak, Norwe, Suwidin, Finlan, su ne kan gaba a duniya wajen rashin cin hanci. To wannan fim ƙarya yake musu, ko mu aka yi wa ƙarya?

Tsohon_Edita:
Alhaji, duka biyun ba ƙarya ba ne. Ɗan sandan hanya a can ba zai ce ka ba shi na goro ba, wannan gaskiya ne. Amma akwai wata ɓarna da ba ta shiga wancan lissafi, wato hukuma ta yanke cewa asirinta ya fi ran talaka daraja. Sashen sirri da aka nuna a cikin hukumar tsaronsu ta Säpo ƙirƙira ce ta marubucin, amma ba daga iska ya ɗauko ba. A 1973 'yan jarida biyu, Jan Guillou da Peter Bratt, sun tona wata hukumar leƙen asiri da ake kira IB, wadda jama'a ba su san da ita ba, tana tattara bayanan 'yan ƙasa masu ra'ayin gurguzu. Sakamakonsu shi ne gidan yari. Sannan daga tsakiyar shekarun 1930 zuwa tsakiyar shekarun 1970 an yi wa mutane kusan 63,000 aikin hana haihuwa a ƙarƙashin doka, mafi yawansu mata, da yawa bisa matsin lamba, don likita ko jami'in walwala ya rubuta cewa ba su da cikakken hankali. Sai a 1997 ɗan jarida Maciej Zaremba ya tayar da maganar a jaridar Dagens Nyheter ƙasar ta girgiza, daga baya aka biya diyya.

Don haka idan ɗan Suwidin ya ga Dakta Teleborian yana sa hannu a takardar da ta mayar da yarinya mai lafiya mahaukaciya, ba tatsuniya yake gani ba. Shi kansa marubucin, Stieg Larsson, ɗan jarida ne, yana cikin waɗanda suka kafa mujallar Expo a 1995 don bin diddigin masu aƙidar Nazi, kuma ya sha barazanar kisa. Littafinsa na farko ma sunansa da harshensu "Maza masu ƙin mata". Masu buga shi da Turanci ne suka mayar da shi The Girl with the Dragon Tattoo, maganar zanen dodo a bayan yarinya.

Ɗan Fagge, ina bayanka a wannan muhawara, ɗana.

Dan_Fagge:
Na gode Baba. Wannan sunan na asali ya fi faɗin gaskiyar abin da ke ciki.

Bakatsine77:
Baba, da girmamawa, duk abin da ka kawo gaskiya ne, amma ya ƙara nuna matsalata da fim ɗin. In kana da tarihi mai nauyi haka, me ya kai ka kawo ƙato mai farin gashi da ba ya jin zafi ko an buga masa katako? Me ya kai ka a harbi yarinya sau uku, ɗaya a ka, a binne ta, ta tono kanta da gwangwanin taba sigari, ta ɗauki gatari ta sari ubanta? Daga nan na daina yarda. Na farko bai yi mini haka ba.

Nas_Hauwa_Jinya:
Yaya Bakatsine, bari in sa baki a ɓangaren da na sani. Rashin jin zafi cuta ce ta gaske da ake haihuwar mutum da ita, kuma a can arewacin Suwidin ɗin ma akwai zuri'ar da aka yi nazarinta a kai. Abin da fim ya ƙara gishiri shi ne mayar da ita ƙarfi. A zahiri masifa ce. Yaro ya ciji harshensa bai sani ba, ya karye ya ci gaba da tafiya a kan karayar har gaɓar ta lalace, ya ƙone bai janye hannu ba. Irin su ba sa zama ƙattai masu dambe, jinya suke sha.

Harbi a ka kuwa, da ƙaramin harsashi mutum kan rayu, a littafin ma an nuna ƙaramar bindiga ce. Amma fitowa daga rami bayan an zubar da jini haka, wannan kam sai a fim. Ni na yafe musu, don abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Wurin da aka ɗaure ta a gado da maɗauran fata, tana yarinya, likita na tsaye a kanta. A kashi na uku an bayyana a kotu cewa kwana 381 ta yi a ɗaure. Na yi aiki na ɗan lokaci a wani sashen masu taɓin hankali, na ga yadda da zarar an rubuta wa mutum "ba shi da hankali" a fayil, duk abin da ya faɗa ya zama alamar ciwo. In ya ce an dake shi, ciwo ne. In ya yi kuka, ciwo ne. In ya yi shiru, shi ma ciwo ne. Akwai wata baiwar Allah da mijinta ya kawo, kullum tana cewa lafiyarta ƙalau, rigimar gida ce. Ni ƙaramar ma'aikaciya ce lokacin, ban iya yin komai ba sai dai in zauna kusa da ita in saurare ta. Da na kalli fim ɗin ita na tuna, na yi kuka sosai.

UmmuKhairat:
Na kasa tsallakewa, na karanta duka. Hauwa, Allah Ya saka miki. Kin tuna mini da gidan nan na Rigasa a Kaduna da 'yan sanda suka fasa a Satumban 2019, aka fito da mutane wajen 300, manya da yara, wasu da mari a ƙafa. Bayan shi aka fasa wasu a Daura da Katsina. Yawancinsu iyaye da 'yan'uwa ne suka kai su da hannunsu da sunan gyaran tarbiyya. Su a can likita da hatimi, mu a nan mari da sarƙa, amma yaron da ke ciki ba mai jin ta bakinsa.

Alhaji_Kurmi:
Hajiya, a yi adalci. Iyaye da yawa ba mugunta ta kai su ba. Ɗa ya shiga shaye-shaye, yana sayar da kayan gida, yana zare wa uwarsa wuƙa, asibitin da za a kai shi babu ko kuɗinsa ya fi ƙarfinka. Ni na san uban da ya kai ɗansa irin wurin yana hawaye. Uban Lisbeth kuwa azzalumi ne da gwamnati ta rufa wa asiri. Ba ɗaya ba ne.

UmmuKhairat:
Ban ce ɗaya ba ne Alhaji, kuma na san zafin da iyaye ke ciki. Amma niyyar uba ba ta rage nauyin marin a ƙafar yaro. Wa ke shiga ya duba? Wa yaron zai kai wa kuka?

Lauya_Zazzau:
Tambayar Hajiya ita ce zuciyar fim ɗin a wurina, kuma ta nan nake ganin Ɗan Fagge ya fi Bakatsine gaskiya. Ku duba yadda aka ɗaure Lisbeth ba tare da sarƙa ba. An sa ta ƙarƙashin mai kula, ba ta iya taɓa kuɗinta sai da izininsa, kuma duk wata shi ke rubuta rahoto a kanta. Wanda zai cuce ta shi ne wanda hukuma za ta tambaya ko lafiya take. Da aka samu zanen yatsunta a bindigar Bjurman da aka harbe Dag da Mia da ita, mai gabatar da ƙara Ekström bai tsaya bincike ba, ya kira 'yan jarida, kafin gari ya waye hotonta ya cika jaridu a matsayin mahaukaciya mai kisa. Tsohon fayil ɗin ƙarya shi ya zama shaida. Wannan ina ganinsa a aikina: takarda ɗaya da wani ya rubuta shekara goma da suka wuce ta fi bakin mutum goma da ke tsaye a gaban alƙali.

Abin da ya bambanta su, kuma shi ya sa Blomkvist ke iya aiki, shi ne dokarsu ta 'yancin buga jarida tun 1766, wadda ta ba ɗan ƙasa damar neman takardun gwamnati ya gani. Mu sai a 2011 muka samu dokar 'yancin samun bayanai, kuma wanda ya taɓa rubuta wa ma'aikata takardar neman bayani ya san yadda ake jira.

Gimbiya_Kumasi:
Ni dai gargaɗi zan yi wa wanda bai gani ba. Ba fim ɗin falo ba ne. Akwai tsiraici, akwai wurin Lisbeth da ƙawarta da bai dace da tarbiyyarmu ba, kuma an maimaito ɗan abin da Bjurman ya yi mata a na farko. Kada a kunna gaban yara. Wadda kuma aka taɓa yi wa irin wannan cin zarafi ta yi tunani kafin ta kalla, yana iya tayar mata da tsohon miki.

NaGoteborg:
Gaskiya ne Gimbiya. Bakatsine kuma, in ka samu, nemi wanda aka nuna a talabijin a 2010, kashi shida, kowanne kusan minti 90. An mayar da wurare da yawa da aka yanke, ɓangaren 'yan sanda da na mujallar Millennium da Blomkvist ke wa aiki ya fi fitowa. Wataƙila ka sassauta.

Wani abin tausayi, Larsson bai ga ko ɗaya ba. Ya rasu a Nuwamban 2004 yana da shekara 50, bugun zuciya, bayan ya miƙa littattafan uku amma kafin a buga na farko a 2005. Matar da suka zauna tare shekara 32, Eva Gabrielsson, ba ta gaji komai ba a doka, don ba su yi aure ba kuma bai bar wasiyya mai inganci ba. Dukiyar ta tafi ga mahaifinsa da ƙaninsa.

Alhaji_Kurmi:
To ai ka ji. Shekara 32 ba ɗaurin aure. Da ya aure ta da hakkinta ya tabbata, ko a dokarsu ko a tamu.

Yar_Maradi:
Alhaji, ni ma ban goyi bayan zaman ba, amma dalilin da ita ta bayar shi ne tsaro. A can bayanan ma'aurata a buɗe suke, masu neman ransa za su iya gano gidansu ta nan. Ko ma mene ne, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana rubutu a kan yadda takarda ke danne mace, ga tasa matar rashin takarda ya bar ta a waje. Abin ya taɓa ni.

Bakatsine77:
Mun yi nisa da inda muka faro. Na ji bayanin Lauya da na Nas Hauwa, kuma na yarda akwai abin da ban ba shi muhimmanci ba a kallon farko. Amma har yanzu ina nan a kan cewa na biyu rabin fim ne. Ya ƙare tana kwance jina-jina, jirgi mai saukar ungulu ya zo, shi ke nan. Teleborian na nan, mutanen hukumar tsaro na nan, ƙaton ya tsere. Sai ka ga na uku kafin ka samu biyan buƙata. Fim ɗin da ba ya tsayuwa da ƙafarsa ba zan ce ya fi na farko ba.

Dan_Fagge:
Ni kuma wannan ɗin ne ya sa na yarda da shi. Ta sari uban da gatari amma ba abin da ya canja, don ba shi kaɗai ba ne, waɗanda suka rufa masa asiri suna ofis lafiya lau. Da an ƙare da an kama kowa a daren nan da na ce ƙarya ne.

Sadauki_Agadas:
Har yanzu ba wanda ya amsa mini tawa. 'Yan matan da Dag da Mia suka mutu a kansu, ina labarinsu ya tsaya? A na uku an koma kansu, ko shari'ar Lisbeth ce kawai?

Tsohon_Edita:
Shari'ar Lisbeth da tona asirin sashen sirrin ne suka cinye na uku, ɗana. Ba za ka samu abin da kake nema a can ba.

UmmuKhairat:
NaGoteborg, mai kashi shidan nan, akwai shi da fassarar Turanci a ƙasa? In akwai zan fara daga farko a ƙarshen mako, bayan yara sun yi barci.

NaGoteborg:
Akwai, Hajiya. Kashi na uku da na huɗu su ne wannan da muke magana a kai.